Ranar da Aka Ɗauke Hanya daga Kwarin Madobiya

Wata safiyar Litinin mutanen Kwarin Madobiya suka tashi suka tarar da abubuwa biyu da suka fi ƙarfin hankali. Na farko, hanyar motar da ta haɗa su da birni, wadda ta shekara arba'in tana karya motoci tana jijjiga hanjin fasinja, ta ɓace ɗungurungum. A madadinta, mutum zai tsaya a bakin gari ya ambaci inda yake son zuwa, ya ƙifta ido, sai ya gan shi can. Na biyu, ɗakin karatu na makarantar kimiyya da sana'a, wanda har jiya gizo-gizo ne kaɗai ke shigarsa, ya cika maƙil da littattafai sababbi fil: na lissafi, na kimiyya, na gini da injuna, na kasuwanci, tun daga ƙasa har rufi.

Gari ya ruɗe da murna, mata na guɗa, direbobi na zaman makoki. Mutum ɗaya ce ba ta yi guɗa ba, ita ce Malama Kande mai koyar da lissafi, wadda ta shekara goma sha tara tana shaƙar ƙurar alli. Gajeruwa ce mai tsiwa, irin wadda ko gaisuwa ka yi mata sai ta duba ko ka cika ta. Ta zaro littafi ɗaya ta buɗe. Tambaya na sama, amsa na ƙasa, tsakaninsu fari fat. Ta zaro na injuna: ga hoton famfo a lalace, ga shi a gyare, babu layi ɗaya da ya faɗi yadda aka yi. Ta buɗe arba'in, duk haka suke. Ta koma ga tsohon littafinta da ta yi shekaru tana koyarwa da shi, shi ma tsakiyarsa ta wanke tas.

Ɗalibai kam daɗi ya kashe su, don sun sami amsa a banza. Ita kuwa ranar Laraba ta tsaya gaban allo za ta yi rabawa mai tsawo, amsar ta faɗo bakinta, amma hannunta ya tsaya cak da alli. Ta nemi yadda ake yi a kanta ta rasa, kamar ka shiga ɗakinka ka tarar an kwashe gado. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Da tsoron ya lafa sai fushi ya maye gurbinsa, ta nufi ofishin shugaban makaranta, Malam Sallau, ko sallama ba ta cika ba.

“Malam, me ka yi?”

Ya fara kame-kame, ta tsare shi da ido har ya sauke kai. “Malama, shekara uku littattafanmu na birni, kowane direba ya ce motarsa ba ta bin wannan hanya. Ranar Lahadi da tsakar rana na zauna gindin kukar nan ta bayan makaranta ina ta mita. Sai ga wani dogon mutum, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, ya ce in faɗi buƙatata. Na ce a kawo mana littattafai, a kuma ɗauke mana hanya mu huta.”

“Bai tambaye ka komai ba?”

“Ya ce, ‘Hanya duka?’ Na ce duka, kada ku bar ko taki ɗaya.”

Malama Kande ta dafe kai. “Inna lillahi! Malam, kai ba Bahaushe ba ne? Hanya nawa ce a bakinmu? Ta mota hanya ce, ta yin lissafi hanya ce, ta gyaran inji hanya ce, ta neman abinci hanya ce. Ka ce duka, sun kuwa kwashe duka! Yanzu ga shi sun fara kwashe ta cikin kawunanmu.”

“To ai yara na cin jarrabawa,” in ji shi da ƙaramar murya.

“Ranar da famfon garin nan ya tsaya, ka ba shi jarrabawar ya sha.”

Ta koma gida ta ɗauki gorar ruwa, da sanda, da adda, da ƙullin zare, da alli uku. Rana na take tsaka ta isa gindin kuka, ta ƙwanƙwasa ta da sanda kamar mai ta da maƙwabci. Kukar ta tsage, dogon nan ya fito, idonsa ɗaya sama ɗaya ƙasa.

“Aminci gare ki, ya ke 'yar Adam. Ni ne Ɗan Ƙiftawa, manzon Sarki Dumbarusu na Birnin Nan-Take. Faɗi buƙatarki.”

“Amincin ya tabbata ga mai gaskiya. Kayanmu na zo karɓa. Ina kuka kai hanya?”

“Tana fadar Sarki, tafiyar kwana ashirin ga mai ƙafa. Rufe idonki ki buɗe, in ajiye ki a ƙofarsa.”

Ta dube shi sama da ƙasa. “In na yarda ka ɗauke ni, da wane baki zan ce a dawo mini da hanya? Ai na zama ɗaya daga cikin masu cin moriyar cinikin ke nan. Da ƙafata zan je.”

Fuskar aljanin ta canja, don tarkon ke nan, ta kuwa tsallake shi. “Ya ke 'yar Adam, ƙasarmu babu hanya.”

“Zan yi ta.”

Ta kutsa cikin kukar ta ɓulla wata ƙasa mai jan sama, inda ciyawa ta fi mutum tsawo, kuma babu ko sawun akuya. Ta fara sara da adda tana ci gaba. Ta ratsa dajin da itatuwansa ke tsiro da saiwa a sama, ta haye dutsen da ke numfashi kamar bijimi. Kowace safiya takan lalubi kanta ta ji abin da ya rage, kowace safiya kuwa sai ta tarar wani abu ya tafi. Ranar farko lissafin kaso ya tafi, rana ta uku yadda ake auna faɗin da'ira. Takan tsaya ta yi ƙwalla, ta share da bakin mayafi, ta ɗauki adda.

Rana ta shida ta iso bakin wani kwari mai zurfi, a ƙasansa ruwa baƙi na tafasa. Ɗan Ƙiftawa ya bayyana a ɗaya gefen, yana zaune a kan iska ya harɗe ƙafa.

“Ya ke 'yar Adam, kalma ɗaya ce tsakaninki da nan. Ce mini ‘ɗauke ni.’”

“Ka jira dai, ka ga aiki.”

Ta sari gora a bakin kwarin, ta tsage ɓawon itace ta tufka igiya. Ta ɗaura sanduna huɗu baki da baki, kusurwa huɗu, ta tura da hannu, suka karkace. Ta ɗaura uku ta tura, suka tsaya ƙyam. Wannan kam bai bar kanta ba tukuna. Kwana biyu tana jera masu kusurwa uku, wannan na riƙe da wancan, har ta sami doguwar gada. Ta ɗaure gindinta a kututture, ta miƙar da ita da igiya, ta saki a hankali har bakinta ya sauka a ɗaya gefen. Da ta kai tsakiya gadar ta yi ƙara, tururin ruwan ya ƙone mata ƙafa, amma ba ta karye ba. Ta sauka ta wuce aljanin ko kallo bai ishe ta ba. Shi kuwa ya daɗe tsugune yana taɓa ɗaurin gorar da yatsa, yana mamaki.

Rana ta goma sha ɗaya ta shigo kasuwar aljanu. A nan amsoshi ake kasawa a faifai kamar tumatir, masu talla na ta ihu: “Ga nisan rana! Ga yawan yashin teku! Ga nauyin duniya, da ɗuminsa!” Kowa na sayarwa, babu mai saye, don kowa ya riga ya sani. Mafitar kasuwar ɗaya ce, kuma wata tsohuwar aljana mai kunnuwa har kafaɗa ta toshe ta da manyan randunan ruwa.

“Ya ke baƙuwa,” in ji tsohuwar, “ba mai wucewa nan sai ya warware mini damuwata. Shekara ɗari uku ina sayar da ruwan sanyi a wurin nan. Na san yau ba zan yi ciniki ba, na san gobe ma haka. Abin da ban sani ba shi ne dalili.”

Malama Kande ta waiwaya dama, ta ga ƙorama garai-garai na gudu taki biyar daga randunan. Dariya ta kusa kuɓuce mata. “Iya, kin taɓa tambayar masu wucewa me suke buƙata?”

“Tambaya? Mu ba ma tambaya, sani muke yi.”

“To shi ya sa. Kina sayar da ruwa a bakin ruwa. Kwana biyu baya na ratsa wani fili mai gishiri inda maƙera ke hura wuta, harshensu a waje. Kai randunanki can. Kafin ki kasa kaya, ki duba wa ke so, a ina yake, kuma wa ya riga ki ba shi.”

Tsohuwar ta maimaita kalmomin a hankali kamar mai tauna tsakuwa. Ta janye randunan ta ba ta wuri, ta ce, “Ki yi hattara da Sarki, 'yar nan. Yana cika alkawari, amma ba ya yafe kunya.”

Rana ta ashirin ta tsaya gaban ganuwar Birnin Nan-Take. A lokacin ta rame, tafin ƙafarta ya tsattsage, abin da ya rage a kanta bai fi cikin tafin hannu ba. Mai gadin ƙofa, wani ƙato mai kan bauna, ya gitta mashi.

“Ya ke 'yar Adam, ba a shiga sai an faɗi tsawon wannan ganuwa. Wanda ya kuskure, ƙasa ta haɗiye shi. In kina so, roƙe ni in raɗa miki.”

“Riƙe raɗarka.”

Ta kafa sandarta a ƙasa, ta zauna tana kallon inuwarta. Mai gadi ya yi ta tsaki yana sauya ƙafa, don babu abin da aljani ya tsana kamar jira. Da inuwar sandar ta yi daidai da tsawon sandar, ta yi wuf ta tashi, ta shata alli a ƙarshen inuwar ganuwar, ta auna daga nan zuwa gindinta da sanda.

“Kamu ɗari biyu da sittin da huɗu.”

Mashin ya faɗi daga hannunsa. “Wa ya gaya miki?”

“Rana da sanda. In inuwar sanda ta kai tsawon sanda, inuwar ganuwa ta kai tsawon ganuwa. Buɗe mini, ina sauri.”

Birnin babu titi, babu lungu, babu matakala, gidaje cunkushe kamar an zuba su daga buhu. Da rarrafe da tsallake ta kai fada, wani bene mai hawa bakwai na jan dutse. Tun daga nesa ta lura ya ɗan sunkuya gabas. A ciki Sarki Dumbarusu na zaune a kan karaga, gemunsa a naɗe a kan gwiwa, fadawa dubu na tsaye shiru, kowa da ƙunshin kayansa a hannu kamar masu shirin ƙaura.

“Ranka ya daɗe,” in ji ta, ta rusuna daidai gwargwado, ba ta ƙara ba. “Ni ce Kande, malamar lissafi daga Kwarin Madobiya. Na zo karɓar hanyarmu.”

Muryarsa ta girgiza bango. “Ya ke 'yar Adam, shugabanki ya bayar da bakinsa, manzona ya tambaye shi, ya ce duka. Mun cika namu. Ciniki ya ɗauru.”

“Da ka karɓa, me ka yi da ita?”

Sarki ya ce, “Mun daɗe muna jin 'yan Adam na yabon hanya, muka zaci taska ce. Da muka kawo ta muka ga ba ta ciyuwa, ba ta sawuwa, sai an bi ta taki-taki, mu kuwa ba a halicce mu da wannan haƙuri ba. Amma abin da ya shiga taskata ba ya fita. Koma gida. Ba ni da lokacinki, fadar nan za ta rushe ranar Alhamis bayan la'asar, duk mun sani.”

“Me zai rushe ta?”

Fadawa suka dubi juna. Aljani dubu, kowa ya san rana da sa'a, babu wanda ya san dalili. Malama Kande ta ji wani abu ya taso mata, rabi tausayi rabi raini.

“Ranka ya daɗe, in na tsayar da fadarka, za ka sakar mini kayana?”

“Na rantse da karagata.”

Ta fita waje, ta ɗaure tsakuwa a bakin zare, ta sa aka liƙa ɗaya bakin a saman bango ta waje, tsakuwar ta rataya. A bangon yamma zaren ya kwanta a jikin bango, a na gabas tsakuwar ta yi nesa da gindinsa da kamu guda. Ta zagaya ta duba tushen ginin: yamma lafiya lau, gabas dutse ya fara tsagewa, tsagar kuma sabuwa ce, ko ƙura ba ta shiga ba.

“Yaushe ya fara sunkuyawa?”

“Kwana ashirin da uku,” in ji Sarki.

“Me aka ɗora a sama, ta gabas, kwana ashirin da uku da suka wuce?”

Duk idanu suka koma sama. Ta ƙi a ɗauke ta, ta sa aka zuro igiya ta hau da hannunta hawa bakwai, tana tsayawa tana haki. A can ta same su: hanyoyi a nannaɗe kamar igiyar rijiya, tuli a kan tuli har rufi, duk a kusurwa ɗaya. Ga siraran na lissafi, ga masu kauri na gini, ga na kasuwanci masu rassa, a ƙarƙashinsu kuma ga hanyar motar garinsu da ramukanta da lakarta. Ta leƙo ta taga ta ɗaga murya yadda duk birnin zai ji.

“Ranka ya daɗe, kayan da ka ƙwace ne ke karya maka gida! An yi ginin nan don ya ɗauki amsa, ita kuwa amsa ba ta da nauyi. Hanya ce mai nauyi, don gumin mutane ne a jikinta. Sauke su, ko ka kwana a fili ranar Alhamis!”

Aka sauke. Tulin ƙarshe na taɓa ƙasa benen ya yi wata doguwar ƙara ya miƙe, tsakuwar ta koma ta kwanta a bango. Fadawa suka ajiye ƙunshinsu, wani ma ya yi dariya, dariyar kuwa ta shiga kunnen Sarki. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

“Na yi rantsuwa, zan cika. Amma dokar ƙofata ita ce, baƙo ba ya fita da kaya biyu. Ga hanyoyin littattafai da na mutanen garinki, kaya ɗaya. Ga naki, na cikin kanki, wanda muka ɗauka da wanda ya rage, kaya na biyu. Zaɓi, ya ke mai tsiwa.”

Shekara goma sha tara na koyarwa, da shekarun da ta yi tana karatu da aron littafi, su ne duk abin da ta mallaka a duniya. Ba ta da gona, ba ta da shago, wannan ne abin da ya sa in ta wuce ake cewa ga Malama. Ta ji zafin abin har cikin ƙashinta, ba ta kuma ɓoye ba, hawaye ya zubo a gaban aljani dubu. Amma ba ta daɗe tana tunani ba.

“Kaina ɗaya ne, wata rana ma ƙasa za ta ci shi. Ba ni na littattafai.” Ta share fuska ta matso kusa da karaga. “Ɗauki nawa ka ƙara a taskarka. Amma ka sani, abin da na koya sau ɗaya zan koya sau biyu. Kai ko sau ɗaya ba ka taɓa koyon komai ba.”

Sarki ya miƙa hannu ya zare wani abu daga goshinta, siriri kamar zaren gizo. Ta ji kanta ya yi fayau, ya yi shiru. Ta sunkuya ta ɗaure bakin hanyoyin a ƙugunta, ta juya ta fita tana jan su, ba ta yi masa sallama ba.

Kwana arba'in ta yi a komowa, don kayan da nauyi. Ranar da ta fito daga kukar, hanyoyin suka suɓuce daga ƙugunta suka bazu. Hanyar mota ta shimfiɗu a wurinta da duk ramukanta, direbobi suka fito suna rawa, fasinja suna tsine wa wanda ya jawo musu. Makaniki ya tuna yadda ake kwance famfo, wanda ya yi sati biyu a tsaye mata na zuwa rafi. A ɗakin karatu fararen shafuka suka cika da baƙi, layi bayan layi.

Malama Kande ta shiga ta zaro littafin lissafi na aji ɗaya ta buɗe. Ga rubutun nan cike, ta san haruffan, amma ba ta gane inda suka dosa ba. Malam Sallau ya tsaya a bayanta yana murza hula, kunya ta hana shi haɗa ido da ita.

“Malama, ki yafe mini. Ki huta a gida, ko in ba ki riƙon mabuɗin ɗakin nan. Ba wanda zai san abin da ya same ki.”

“Kowa ma zai sani,” in ji ta.

Ta rungumi littafin ta nufi aji ɗaya. Malam Ɗanlami ne a gaban allo, wanda ita ta koya masa tarawa da ɗebewa da hannunta. Ganin ta ya sa ya miƙo mata alli da hannu biyu. Ta girgiza kai, ta wuce benci na gaba, ta ce wa yarinyar da ke zaune a kai, “Matsa mini.” Malam Ɗanlami ya juya ga allo, ya fara rubutu da sauri don ya tsere wa idonta. Bai kai layi na uku ba ta ɗaga hannu.

“Malam, ka yi sauri da yawa, ban gane ba. Goge ka faro daga farko.”